Karin maganar tsofaffin fina-finan Indiya: inda fassara ke kuskure hanya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ke salwanta tsakanin bakin ɗan wasan Indiya da kunnen mai kallo Bahaushe, wato karin magana. Fina-finan shekarun 1950 zuwa na 1980 cike suke da ita, kuma sau da yawa a cikinta marubuci yake ɗora nauyin fage gaba ɗaya. Masu fassara da masu kallon da suka tsinci Indiyanci da kunne sukan kama kalmomin daidai, ma'anar kuwa ta zille musu. Abin yana damuna ƙwarai, domin ana asarar aikin marubutan da suka san harshensu ciki da bai.

A fara da harshen kansa. Abin da muke kira Indiyanci a fim gaurayen Hindi ne da Urdu, wanda ake ce wa Hindustani. Tun daga 1931, shekarar da fim mai magana na farko ya fito a Bombay, rubuta zance sana'a ce mai zaman kanta. Wani ya kawo labari, wani ya tsara fage-fage, wani kuma daban ya sa wa kowane ɗan wasa kalmomi a baki. Da yawa daga cikin masu wannan aiki na ƙarshe, irin su Wajahat Mirza da Kader Khan, mutanen Urdu ne. Shi ya sa karin maganar fim take fitowa daga rijiya biyu: ta ƙauyen Hindu da labaran Ramayana, tsohon littafin addinin Hindu mai ba da labarin Rama, abin bautarsu, da kuma ta Musulmin arewacin Indiya mai ɗauke da Farisanci da Larabci. Wanda ya san ɗaya kawai zai yi ta tuntuɓe da ɗayar.

Abu na farko da mai fassara zai yi idan ya ji magana ta yi masa baƙo shi ne ya tantance irinta. Indiyawa sun raba gida biyu. Akwai kahavat, ko lokokti, cikakkiyar jimla mai tsayuwa da ƙafarta, daidai da karin maganarmu. Akwai kuma muhavra, adon magana da ake saƙawa cikin jimla, aikatau ɗinsa yana sauyawa da lokaci da mai yi. Kahavat tana da saukin ganewa, domin tana fitowa da kari da amsa-amo. Muhavra ce mai hatsari, saboda tana shigowa da kamar maganar yau da kullum, mutum ya fassara ta kalma da kalma bai ma san ya taka wani abu ba.

Ga misali da gishiri. Yaron gida ko ɗan daba ya durƙusa gaban maigidansa ya ce ya ci namak ɗinsa, wato gishirinsa. Idan aka ce «na ci gishirinka», Bahaushe zai ji kamar batun miya ake yi. Alhali gishiri a nan yana wakiltar ci da sha da inuwar da mutum ya samu a hannun wani, kuma wanda ya ci ya ɗauki bashin biyayya. Daga nan aka samu namak halal, mai riƙon amanar wanda ya ciyar da shi, da namak haram, butulu maci amana. Kalmomin halal da haram namu ne na Larabci, sai dai a nan ba hukuncin shari'a suke nufi ba. Nauyin kalmomin ya kai har an sa wa fim sunan Namak Haraam a 1973, wani kuma Namak Halaal a 1982. Idan bara ne yake tuna wa kansa wajibinsa, «kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski» ta kusa. Idan maigida ne yake zagi, «butulu» kawai ta wadatar, kuma ta fi kowace doguwar jimla zafi.

Nono ma haka yake. Doodh ka karz bashin nonon uwa ne, wannan ba ya ba mu wahala. Wanda ke ba da wahala shi ne barazanar da jarumi ke yi cewa zai tuna wa abokin gaba chhathi ka doodh. Chhathi biki ne da ake yi a rana ta shida bayan haihuwa. Ma'anar ita ce zai yi masa dukan da zai tuna nonon da ya sha yana ɗan kwana shida. Mu sai mu ce zai gane kurensa, ko zai yaba wa aya zaƙinta. Akwai kuma doodh ka jala chhachh bhi phoonk phoonk kar peeta hai: wanda madara mai zafi ta ƙona, ko tsala aka ba shi sai ya hura kafin ya sha. Abin lura shi ne chhachh nonon da aka kaɗe aka cire mai ne, kuma da sanyinsa ake sha. Idan mai fassara ya ce «shayi» ko «kunu», ya kashe maganar, domin hura abu mai zafi hankali ne, hura mai sanyi kuwa tsoro ne da ya wuce kima. Tamu ta wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ta yi daidai da ita sak.

Inda na fi so a tsaya shi ne maganganun aurar da 'ya, domin kusan duk tsohon fim na iyali a kansu yake juyawa, kuma a nan ne al'adarsu ta yi hannun riga da tamu. A yawancin gidajen da waɗannan fina-finai ke nunawa, uban amarya ne ke ba dangin ango dukiya, abin da suke kira dahej. An haramta shi da doka a 1961, amma bai daina ba, kuma marubuta sun yi ta dawowa kansa. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba, ba zai gane me ya sa tsoho ke kuka a kan 'yarsa budurwa kamar wanda ake bi bashi ba.

Idan uba ya ce yana so ya yi beti ke haath peele, kalma da kalma ya mayar da hannun 'yarsa rawaya ke nan. Kafin ɗaurin aure ana shafa wa amarya kwaɓaɓɓen kurkum, shi ne rawayar. Ma'anar dai ita ce ya aurar da ita, ya kai ta ɗakinta. Idan an yi auren sai ya ce ya yi wanka a Ganga, kogin da Hindu ke ɗauka mai tsarki. Bai je kogin ba, nufinsa ya sauke nauyin da ya fi kowanne a rayuwarsa, kamar yadda mai ziyarar ibada yake jin ya wanku. «Na sauke farali» ko «na huta» za su isar. 'Yar kuwa tun tana ƙarama ana ce mata paraya dhan, dukiyar wasu da aka ba iyaye ajiya. Ranar tafiya uwa ta yi mata nasiha da kalmomi biyu masu amsa juna a ma'ana: doli, ɗan ɗakin da ake ɗaukar amarya a ciki a kafaɗa, da arthi, makarar gora da ake ɗaukar gawa. Ta shiga gidan miji a doli, kada ta fito sai a arthi. Wannan magana mai nauyi ce, kuma fina-finai da yawa sun sa ta a bakin uwa ne domin mai kallo ya ji zaluncin da ke cikinta. Idan aka sassauta ta zuwa «ki yi haƙuri da zaman aure», an cire ƙayar da marubuci ya dasa da gangan.

Mutuncin uba kuma a wuri biyu yake, hanci da rawani. Naak kat gayi, hanci ya yanku, yana nufin an kunyata gidan a idon jama'a. Yanke hanci tsohon horo ne na wulakanci, har a cikin Ramayana Lakshmana, ƙanen Rama, ya yanke hancin Shurpanakha, 'yar'uwar Ravana, abokin gaban Rama. «Kin zubar mana da mutunci» ita ce fassarar, ba batun yanka ba. Rawani, wato pagdi, shi ne girman namiji. Idan uban amarya ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙafar uban ango, ya kai ƙarshen ƙasƙantar da kai, yana roƙon kada a fasa auren. A irin wannan fage bai kamata mai fassara ya cika wurin da surutu ba, hoton ya riga ya faɗi maganar.

Sai waɗanda suka fito daga addini. Ghar ka bhedi Lanka dhaye: masanin sirrin gida shi ya rushe Lanka. Vibhishana ƙanen Ravana sarkin Lanka ne. Ya bar yayansa ya koma wajen Rama, kuma a ruwayar Tulsidas, mawaƙin da ya sake rubuta Ramayana, shi ya tona cewa ran Ravana a cibiyarsa yake. A labarin addini Vibhishana mutumin kirki ne da ya bi gaskiya, amma a karin maganar zargi ne tsantsa, ana jifan maci amanar gida da ita. «Da ɗan gari kan ci gari» ta ɗauke ta duka. Munh mein Ram, bagal mein chhuri kuwa, sunan Rama a baki, wuƙa a hammata, tagwaye ce da «Musa a baki, Fir'auna a zuci». Duk da haka ni ba zan sa Musa da Fir'auna a bakin limamin Hindu mai jan fenti a goshi ba, domin mai kallo zai ji an fitar da shi daga Indiya. Gara a riƙe hoton a ce «salati a baki, wuƙa a hammata» idan mai maganar Musulmi ne, ko «ibada a baki, wuƙa a hammata» idan Hindu ne.

Ta ɓangaren Urdu akwai nau sau chuhe khake billi Haj ko chali, kyanwa ta ci ɓeraye 900 sannan ta kama hanyar Hajji. Wasu sukan ji ta su zaci izgili ne ga aikin Hajji, su tsallake ta. Ba haka ba ne, Musulmi da Hindu duk suna faɗin ta, kuma wanda ake suka shi ne azzalumin da ya tsufa ya ɗauki carbi. Tuban muzuru ke nan, babu ragi babu ƙari. Wata kuma da ake yawan juyawa baibai ita ce Eid ka chand. Idan aka ce wa mutum ya zama watan Sallah, ba kyansa ake yabo ba, ƙorafi ake yi cewa ya yi wuyar gani. Watan da ake kwatanta kyakkyawa da shi shi ne chaudhvin ka chand, na daren sha huɗu. Duka biyun da kalmar chand suke ƙarewa, shi ya sa kunne ke rikita su, sai ka ji aboki yana yi wa abokinsa kirarin kyau a wurin da ya kamata ya ce «kwana biyu, ka ɓuya».

Dabbobi suna da nasu tarkon. Bhains ba ɓauna ba ce irin ta dawa mai kisa. Dabbar gida ce baƙa, mai nauyin jiki da sanyin hali, ana tatsar ta, yara ma suna kora ta kogi. A jiski lathi uski bhains, mai sanda shi ke da bhains, dukiyar talaka ake nufi, wadda mai ƙarfi ya ƙwace. Maganar tana yawan fitowa a fina-finan ƙauye, inda zamindar, mai mallakar filaye, yake da 'yan sanduna na haya da ake kira lathait. Idan aka ce ɓauna, sai Bahaushe ya ga jarumin da ya yi galaba a kan naman daji, yabo ya maye gurbin kuka. A ce saniya, ko a koma ga kashin dankali, babba ya danne ƙarami. Haka bhains ke aage been bajana, busa wa bhains sarewar masu wasa da maciji: dabbar tana tuƙa abinta, ko a jikinta. Ɓata baki ne ga wanda ba ya ji. Mujiya ma ta bambanta. A wurinmu abin ƙi ce, a wurinsu ullu wawa ne. Wanda ya ce an mayar da shi ullu, an yi masa wayo ne, an raina masa hankali. Kuma apna ullu seedha karna ba ta da alaƙa da wauta, biyan buƙatar kai ce ta hanyar amfani da wani.

Kuɗi da lissafi suna buƙatar a san tsarin da ya gabata. Kafin 1 ga Afrilu 1957, rupi ɗaya ana 16 ne, ana ɗaya kuma paisa 4. Saboda haka solah aane sach, gaskiya ana sha shida, gaskiya ce cikakkiya ba gauraye. Chavanni ana 4 ce, kwatan rupi, athanni kuma ana 8, rabinsa, kuma kiran mutum chavanni raini ne. Ƙasa da duk waɗannan akwai kaudi, wato wuri, irin wanda kakanninmu ma suka yi ciniki da shi. Uban da ya kori ɗansa ya ce ba zai ba shi ko phooti kaudi ba, ko fasasshen wuri, daidai yake da «ko anini». Do kaudi ka aadmi mutum ne da bai wuce wuri biyu ba, wato banza, ɗan talakan da ya ɗaga ido ya kalli 'yar masu kuɗi.

Lambobi kuma kowace da labarinta. Char sau bees, 420, sashe ne na dokar laifuka ta Indiya ta 1860 da ya shafi damfara, har Raj Kapoor ya sa shi a sunan fim ɗinsa na 1955. An maye gurbin waccan doka a Yuli 2024, amma lambar ta zauna a bakin mutane. A nan aikin mai fassara ya zo da sauƙi, tunda muna da 419 da ta samo asali ta hanya iri ɗaya, sai dai «ɗan damfara» ta fi dacewa da fim ɗin da ya girmi wannan laƙabi. Nau do gyarah, tara da biyu sha ɗaya, ba lissafi ba ne: wanda ya zama nau do gyarah ya cika wandonsa da iska. Ek aur ek gyarah, ɗaya da ɗaya sha ɗaya ne, ƙarfin haɗin kai take nufi. Wadda ba a iya gane ta sai an ga rubutun ita ce chhattis ka aankda, lamba 36. A rubutun Devanagari, wanda ake rubuta Hindi da shi, alamar uku da ta shida sun juya wa juna baya, don haka mutum biyu masu 36 a tsakaninsu ba sa ga maciji da juna.

Bayan an gane ma'ana, saura abubuwa uku da ke ɓata aiki ko da an fahimta. Na farko, marubutan nan sukan faɗi rabin magana su bar sauran ga mai kallo, kamar yadda mu ma kan ce «kowa ya ci ladan kuturu» mu yi shiru. Tsohuwa ta ce ab pachtaye hot kya ta tsaya. Sauran shi ne jab chidiya chug gayi khet, wato ina amfanin nadama bayan tsuntsaye sun cinye gona, baitin da ake dangantawa ga Kabir, masaƙin Banaras na ƙarni na 15. Idan ta yanke, mai fassara ma ya yanke: «da na sani», ya bar «ƙeya ce» ga mai kallo. Wani lokaci kuma mugu ko ɗan barkwanci yana murɗe maganar da gangan, ya sauya kalmar ƙarshe. A nan dole a nemo ainihin maganar tukuna, a samo takwararta, sannan a murɗe tamu a daidai gurbin.

Na biyu, a duba wa ke magana da wa. Indiyanci yana da matakai uku na «kai»: aap na girmamawa, tum na tsara da na ƙasa, tu na ƙauna ta kusa ko na raini. Ulta chor kotwal ko daante, ɓarawo ne ke yi wa shugaban 'yan sandan gari tsawa (kotwal tsohon muƙami ne, har yau ana kiran wasu ofisoshin 'yan sanda kotwali), tana iya fitowa daga bakin mata tana tsokanar mijinta, ko daga bakin wanda aka zalunta a gaban alƙali. A na farkon «ƙarfin hali, ɓarawo da sallama» ta yi. A na biyun «tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta» ta fi kusa da ɗacin da ke wurin. Karin magana ɗaya, fassara biyu, kuma wakilin sunan da ke kewaye da ita shi zai nuna wace za a ɗauka.

Na uku, tsawon numfashi. Daal mein kuch kaala hai, akwai wani baƙin abu a cikin miyar wake, gaɓa 6 ce. «Akwai lauje cikin naɗi» gaɓa 8 ce, «da lauje cikin naɗi» kuwa 7, ta fi zama a leɓen ɗan wasa. A ƙirga gaɓoɓin kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya. Idan tamu ta ninka tasu, a nemi gajeriya ko a faɗi ma'anar kai tsaye, maimakon a yi ta gudu da kalmomi har a haɗiye rabinsu.

Kuma ba dole ne kowace ta samu takwara ba. Oont ke munh mein jeera, ƙwayar kayan ƙamshi a bakin raƙumi, Bahaushe zai gane ta nan take ba tare da an musanya ba, domin ya san raƙumi ya san girman bakinsa. Haka naach na jaane aangan tedha, ba ta iya rawa ba ta ce tsakar gida ce a karkace, da sau sunar ki ek lohar ki, bugu ɗari na maƙerin zinariya, bugu ɗaya na maƙerin baƙin ƙarfe. Wannan ta ƙarshe ana iya cewa ta yi kama da rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma jarumin da ke faɗin ta yana magana ne a kan nauyin bugun da zai rama da shi, ba ranar kamu ba, don haka a bar masa guduma a hannunsa.

Babbar hanyar da kuskure ke shigowa ita ce dogaro da rubutun Turancin da ke ƙasan hoto. Masu wannan rubutu sukan share karin maganar gaba ɗaya su sa ma'ana a taƙaice, ko su ɗora wata ta Turawa a gurbinta, sai a wayi gari ana fassara maganar Ingila da sunan ta Indiya. Roƙona ga masu wannan sana'a shi ne su saurari jimlar sau uku ko huɗu, su rubuta ta yadda suka ji, su nemo ta a ƙamus na muhavra da kahavat, waɗanda ake koyar da su a makarantun Indiya tun daga ƙananan azuzuwa, sannan su koma fagen su duba fuskar wanda aka faɗa wa. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon a ware ɗan gurbi a shafin nishaɗi inda za a riƙa kawo karin magana ɗaya ta Hindi a kowane mako, da asalinta da wurin da ake faɗin ta, masu karatu su aiko da tasu ta Hausa da suke ganin ta dace.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar shafin nishaɗi na jaridarku